Fagge: har yanzu unguwa ce, ko kasuwa ta gama cinye ta?

Ɗan Fagge D:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Magana ce nake so mu tattauna, musamman 'yan Fagge na gida da waɗanda suka tashi suka koma wasu unguwanni. A layinmu, cikin gidajen da na sani tun ina yaro, waɗanda har yanzu ake kwana a cikinsu ba su kai rabi ba. Wasu sun zama sito, wasu shagunan ɗinki, wasu an rushe su an ta da bene, shaguna tun daga ƙasa har sama. Da zarar maigida ya rasu, kafin a yi sadakar bakwai dillalai sun fara zarya wajen magada. Kuɗin da ake tayawa kuwa ba wanda zai ji bai girgiza ba. To ina tambaya, nan da shekara 20 wa zai rage a Fagge? Kuma wannan ci gaba ne ko asara? Iyayenmu da ke cikin zauren nan, a taimaka a faɗa mana yadda unguwar take a da, don mu san abin da muke sayarwa.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni ban ga abin damuwa ba. Fagge don kasuwanci aka kafa ta tun farko. Kasuwa ta dawo gidanta ne kawai. Gidan da mutum goma sha suke gado, in ba a sayar ba ya za a raba? Kowa ya karɓi nasa ya je Rijiyar Zaki ko Kurna ko Jaba ya sayi fili ya yi gini mai iska. Shagon da aka gina a wurin kuma yara nawa ne suke cin abinci a cikinsa?

Malamin Tarihi:
Ɗan Kwari, rabin maganarka gaskiya ce, bari in ƙarasa maka ɗaya rabin. Masana tarihin Kano suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wato zamanin da kasuwar Kurmi ta kafu. Fili ne a bayan ganuwa inda ayarin fatake ke sauka, musamman masu zuwa daga arewa da raƙuma. Dalilin a fili yake. Ba a shiga cikin birni da ɗaruruwan raƙuma, lungunan ba za su ɗauka ba, ga buƙatar kiwo da ruwa, ga ƙofofin gari da ake rufewa da dare. Sai baƙo ya sauke kayansa a waje, da safe ya shiga Kurmi ta ƙofa, da yamma ya fito.

Amma ka lura da wanda ya riƙe wannan tsari: fatoma. Shi ne mai masaukin baƙi. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in ka ba da bashi, matan gidansa su dafa maka abinci, shi kuma ya sami la'adarsa. Wato cinikin a cikin gida yake, kuma akwai iyali a gidan. Baƙon da ya yi zuwa uku ko huɗu sai ka ga an ba shi aure, ya nemi fili ya zauna. Haka Buzaye da Barebari da Nufawa da sauransu suka zama 'yan Fagge. Abin da Ɗan Fagge D yake kuka a kai daban ne: yanzu ciniki yana shigowa ne ya fitar da iyalin.

Ɗan Agadas:
Sallama daga Nijar. Malam ya faɗi daidai. A wurinmu tsofaffi har gobe in suna labarin Kano, Fagge suke fara ambata kafin birni. Ayari yakan tashi daga Azbin ya tsallaka Tenere zuwa Fashi da Bilma, a ɗauko kantun gishiri da dabino, a dawo a huta, sannan a gangaro kudu lokacin sanyi. A sayar da gishiri, a sayi gero da turkuɗi da baƙin rawani na rinin Kano da Kura, a koma. Kakana ya yi wannan tafiya, kuma yana da mai masauki guda a Fagge wanda ya gada daga mahaifinsa. Ba ya sauka ko'ina sai can. Yau ma in mun zo sarin atamfa a kasuwar Kantin Kwari, a wajen dangi muke kwana a Fagge. In gidajen nan suka ƙare, mu ma abin ya shafe mu.

Ɗan Jakara:
To amma a faɗi gaskiya, mu a cikin birni iyayenmu ba sa son yaro ya saba da zuwa Fagge. Ana cewa can ne sinima, can ne masu kiɗa, can ne duk wanda ya gudo daga garinsu yake fakewa. Ba zagi nake ba, abin da muka taso muka ji ke nan.

Hajiya 'Yar Dandali:
Ɗana Ɗan Jakara, mun sha jin wannan, har gori an yi mana da shi a gidan miji. 'Yan waje, haka ake ce mana. Amma ka tambayi iyayen naka, in za su yi ɗinkin salla ina suke kai wa? In za su tafi Makka ina suke zuwa yankan tikiti da canjin kuɗi? Unguwar da ke karɓar baƙo dole ta karɓi nagari da wanda ba nagari ba. Mu da muka tashi a ciki mun san kowane layi da makarantar allonsa, kuma yarinya ba ta isa ta wuce ƙofar gidan maƙwabci kai ba ɗankwali ba tare da an kira ta an yi mata faɗa ba.

Baba Tela:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Ni a Fagge aka haife ni, a nan na koyi ɗinki, a nan nake har yau. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne Fagge ba kamar cikin birni take ba wajen tsari. Turawa ne suka sa aka yanka ta layi-layi, a miƙe, mota tana shiga. Shi ya sa ma yau 'yan kasuwa suke rububinta, don babbar mota za ta iya zuwa har ƙofar gida ta sauke dila. A birni ina za ta bi?

Lokacin da nake yaro, keken ɗinki a zaure yake. Maigidana yana da keke uku na ƙafa, mu almajiransa muna zaune a tabarma muna yin aikin hannu, wani yana sa maɓalli, wani yana hura gawayin dutsen guga. In azahar ta yi, daga cikin gida za a miƙo kwanon abinci, mu ci tare da 'ya'yansa, ba bambanci. In ka yi rashin kunya a layi, kafin ka dawo labari ya riga ka, kuma shi zai hukunta ka kamar ubanka. Da na isa aure shi ya je nema mini. Da azumi ya kai goma sha biyar, layin nan ba a barci. Fitila a kowane zaure, ƙarar keke har asuba, mata suna aiko da kunu da ƙosai, masu kaya daga Katsina, daga Damagaram, daga Jos suna zaune a benci suna jiran a gama musu. Sunan da telolin Fagge suka yi a ƙasar nan daga waɗannan zaurukan ya fito.

Yau ma ana ɗinki, har ya fi na da yawa. Ga injin surfani na kwamfuta, rigar da muke kwana bakwai a kanta yanzu kafin la'asar an gama. Ban ƙi wannan ba, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ke damuna, yaron da ke shagon ba wanda ya san gidansu. Da safe ya zo daga nesa, da dare a rufe shago kowa ya kama gabansa. Maigidansa ma ba a nan yake kwana ba. In ka fito bayan isha'i a wasu layukan, daga kai sai masu gadi da ƙarar janareta.

Ɗan Fagge D:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi abin da nake ji a raina ke nan na kasa faɗa. Masallacin layinmu da azahar har waje ake sahu, da asuba kuwa sahu ɗaya ba ya cika.

Ɗan Kwari:
Baba, Allah ya ja kwana, ba musu nake da kai ba. Amma Kwarin nan da muke ciki ai ita ma gidajen kwana ce a da. Fagge ta Kudu unguwar Kwarori ce, 'yan Lebanon da Siriya, kanti a ƙasa iyali a sama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, suka zo suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi. Iyayenmu suka fara da kasa kaya a bakin kantunansu, suna karɓa bashi suna sayarwa. Bayan dokar 1972 da ta mayar da irin wannan ciniki hannun 'yan ƙasa, Kwarorin da yawa suka koma harkar masana'antu, gidajen suka dawo hannun Hausawa, ɗakunan kwana suka zama shaguna. Da a lokacin an ce a'a, a bar su gidajen kwana, da yau babu Kantin Kwari. Kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wa zai ce wannan asara ce?

Malamin Tarihi:
Ba wanda ya ce Kwari asara ce. Amma Kwarorin da suka tashi suna da inda za su koma tare, kuma da ma ba kakanninsu ne a maƙabartun garin ba. Ɗan Fagge in ya sayar, 'yan'uwa takwas unguwa takwas suke watsuwa. Sannan ka duba abin da ke cikin sitocin nan. A da, kaso mai yawa na yadin Kwari daga masaƙun Kano da Kaduna yake fitowa. Yanzu mafi yawansa daga Chaina ake ɗauko shi, masaƙun kuma sun rufe. Wato gidan da ya fitar da malamai da teloli da 'yan siyasa an mayar da shi wurin ajiye dilolin da aka saƙa a wata ƙasa. Ni abin nan yana ci mini rai.

Ɗan Canji:
Tunda ana tarihi, bari in sa baki a kan namu ɓangaren. Da yawa masu zuwa Wapa canjin Dala da Riyal ba su san ta dalilin aikin Hajji wurin ya kafu ba. Marigayi Alhaji Mahmud Ɗantata, ɗan Alhaji Alhassan Ɗantata, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma a 1948, aka yi masa mazauni a Fagge, kuma sunan kamfanin na Turanci ne a taƙaice, wato WAPA, ya bi wurin. Ana kai alhazai ta mota, a bi ta Maiduguri a shiga Chadi a wuce Sudan, daga baya aka koma jirgin sama. Maniyyaci yana buƙatar kuɗin guzuri na ƙasashen da zai ratsa, wanda ya dawo kuma yana da ragowar da zai mayar. Daga nan canji ya samo tushe. Sinimar Wapa ma a nan aka gina ta.

Sana'armu gaba ɗaya amana ce. Mutum zai kira ka a waya daga Legas ko Dubai, ka biya wani makudan kuɗi a nan ba takarda ba sa hannu. Me ya sa? Don an san gidanku, an san ubanka, an san in ka ci amana akwai dattijon da za a je wa ya kira ka. Yanzu da ake samun yaran da ba a san asalinsu ba a bakin titi suna tare motoci, ku tambayi kowa, rigingimu sun fi yawa. Don haka ni ina tare da Baba, duk da ni ma kasuwa nake ci.

Ummu Khadija:
Don Allah a bar mu mu ma mu yi magana, mu da muke zaune a ciki yanzu da ƙananan yara. Iyayenmu maza kuna tuna da, mu kuma muna fama da yau. Gidanmu yana tsakanin benaye biyu na shaguna. Rana ba ta shigowa tsakar gida sai ta take tsaka, shanya ba ta bushewa. Tagogin benen suna kallon tsakar gidanmu, mace ba ta isa ta zauna ba mayafi a cikin gidan aurenta ba. Janareta daga safe har dare, hayaƙin yana shigowa ɗaki, ƙaramin ɗana kullum cikin tari. Ruwan famfo kuwa an manta da shi, sai 'yan garuwa, su ma kafin su kutso da kura ta cikin motocin da ke sauke kaya sun ƙara kuɗi. Yaro ba shi da wurin wasa, in ya fita ƙofar gida ga adaidaita sahu ga babur.

Da damina kuma kwata ta cika ta dawo cikin gida, don an yi gini a kan hanyar ruwa, an cika sauran da leda da kwali. Kowa ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, dukiya mai yawa ta lalace. 'Yan kasuwa an nuna su a labarai. Mu da ruwan ya shiga ɗakunanmu ba wanda ya zo ya tambaye mu.

In maigidana ya ce mini gobe za mu tashi, wallahi ba zan yi kuka ba. Ina son Fagge, a nan aka haifi uwata. Amma ba a kyauta mana ba in aka ce mu zauna don tarihi alhali masu faɗin hakan da yawansu sun riga sun koma sababbin unguwanni.

Hajiya 'Yar Dandali:
'Yata, gaskiyarki. Ba wanda zai ga laifinki. Allah ya ba yaron lafiya. Ki daure ki kai shi a duba ƙirjinsa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Ɗan Fagge D:
Ummu Khadija, maganarki ta shige ni, kuma ni ina cikin waɗanda suka tashi. Amma abin da kika lissafa ai ba laifin zama a Fagge ba ne, laifin yadda ake ba da izinin gini ne. A ce mutum zai ta da bene hawa huɗu a tsakiyar gidajen aure, tagogi suna leƙa maƙwabta, ba wurin ajiye mota, ba magudanar ruwa, kuma a sa masa hannu. Gida ɗaya in ya zama haka, na kusa da shi ba shi da zaɓi sai ya sayar. Haka layi yake tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Sawaba Dai:
Ni abin da ke ba ni takaici, unguwar da ta koya wa Kano tsayawa a kan haƙƙi ita ce yau ta kasa haɗa kai ta kare kanta. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma cikinsu akwai Abba Maikwaru, mutumin Fagge. Malam Aminu Kano daga baya ya karɓi jagoranci. Me ya sa Fagge ta zama gidan NEPU? Saboda mutanenta teloli ne, direbobi, 'yan tireda, masu sana'ar hannu. Ba a gonar hakimi suke ci ba, ba albashin En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarki, suke jira ba, don haka ba su da abin da za a ƙwace musu a rufe musu baki. An ɗaure su, an yi musu bulala, ba su bari ba. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano a 1979, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, kuma a Fagge aka yi masa mazauni, Gidan Sa'adu Zungur. A lokacin daga nan ake buga jaridun Albishir da Alfijir ta ajami, dattawa suna karantawa a bakin shago. Jikokin waɗannan mutane ne yau dillali zai zo ya raba kansu da 'yan kuɗi.

Ɗan Jakara:
Kada dai a manta da rikicin 1953, shi ma ai da 'yan Fagge aka yi.

Malamin Tarihi:
Ba a manta ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. A watan Mayu 1953 ne, bayan taƙaddamar da aka yi a majalisa a Legas kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, sai tawagar 'yan siyasar kudu da Akintola yake jagoranta ta shirya zuwa Kano. Aka yi kwana huɗu ana faɗa, kuma mafi munin abin a tsakanin Fagge da Sabon Gari ya faru, don su ne maƙwabtan juna. An rasa rayuka ta kowane ɓangare. Sabon Gari tun 1913 aka kafa ta don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kuma Turawa sun daɗe suna gudanar da ita daban da mulkin Sarki, Fagge kuwa tana ƙarƙashin En'e. An ajiye mutane kusa da juna, an raba musu hukuma da kotu da makaranta. Duk da haka, zaman lafiyar da aka yi tsakanin unguwannin biyu ya fi rikicin tsawo nesa ba kusa ba. 'Yan Fagge da yawa a Sabon Gari suka koyi kanikanci da gyaran rediyo da ɗaukar hoto, kuma yau ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su.

Ɗan Kwaciri:
Yawwa Malam, a nan nake so a bambance. In an ce Fagge, wasu unguwar suke nufi, wasu ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukumar an ƙirƙiro ta a 1996, mazaɓu 10 gare ta: Fagge A zuwa E, Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma, Kwaciri, Rijiyar Lemo da Yammata. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa 200,000. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikinta yake, haka kasuwar Sabon Gari da Asibitin Zana. Mu nan ɓangarenmu mutane ƙaruwa suke yi, ba raguwa ba, kuma da yawansu daga tsohuwar Fagge suka taso. Don haka in an je neman gyara a san wace Fagge ake magana a kai.

Ɗan Kwari:
Kuma wanda ya ba da ƙaramar hukumar ai ɗan unguwa ne. Janar Sani Abacha a Fagge ya tashi. A lissafa shi cikin manyan da unguwar ta fitar.

Sawaba Dai:
A lissafa shi, ɗan Fagge ne, ya mulki Najeriya daga 1993 zuwa 1998, ba mai musun wannan. Amma ni ba zan sa shi a sahu ɗaya da su Abba Maikwaru ba. Waɗancan an ɗaure su don sun yi magana, a zamaninsa kuwa shi ne yake ɗaure masu magana. Ga kuma kuɗaɗen da ƙasashen waje suka yi ta dawo da su.

Ɗan Kwari:
Wasu kuma PTF, asusun rarar man fetur da ya kafa, suke tunawa, da magani a asibiti da titunan da aka yi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, maganar Abacha in aka buɗe ta za mu kwana a nan. Kowa ya faɗi nasa, a koma kan unguwa.

Hajiya 'Yar Dandali:
In ana lissafin manya a sa da malamai. Marigayi Sheikh Nasir Muhammad Nasir ya daɗe yana limancin masallacin Juma'a na Waje, wanda aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. Kafin a gina shi a zamanin Sarki Ado, iyayenmu cikin birni suke shiga sallar Juma'a. Ga Farfesa Kamilu Sani Fagge na Jami'ar Bayero da kuke ji a rediyo yana fashin baƙin siyasa. Sannan akwai waɗanda ba za ku taɓa jin sunansu a rediyo ba. A layinmu akwai wata tsohuwa, Allah ya ji ƙanta, ita ce ungozoma, ita ce mai wankan gawar mata, ita ce ake kai wa amarya ta yi mata faɗa. Duk wanda aka haifa a layin ta hannunta ya biyo. Da aka sayar da gidanta bayan rasuwarta, sai da na yi kwana biyu ban iya bi ta wurin ba. Yanzu in mace ta rasu a layin sai an yi ta waya ana neman mai wanka daga wata unguwa.

Baba Tela:
Hajiya, na san wadda kike nufi. Allah ya gafarta mata.

Ku bar ni in faɗi abu ɗaya ga masu gado. Ni ban ce kada a raba gado ba, haƙƙi ne Allah ya wajabta, kuma akwai marayu da zawarawa da ke buƙatar kuɗinsu. Amma raba gado ba dole sai an sayar wa bare ba. A yi wa gida kuɗi, wanda yake da hali cikin 'yan'uwa ya biya sauran, ko a ba shi lokaci ya biya a hankali. Mu haka muka yi da namu. Na fitar da shago biyu a gaba, hayar tana zuwa ga 'yan'uwana mata, ni da iyalina muna ciki. Ba mu yi arziki ba, amma duk salla a nan ake haɗuwa, 'ya'yansu sun san 'ya'yana.

Ɗan Canji:
Baba, wannan yana yiwuwa in kuɗin gidan bai fi ƙarfin 'yan'uwa ba. Yanzu abin da ɗan kasuwa zai taya, ko duk gidan sun haɗu ba za su iya biyan kason mutum ɗaya ba. Abin da na ga wasu suna yi shi ne yarjejeniya da mai kuɗi: ya gina, ƙasa shaguna ya ci haya na wasu shekaru, sama kuma iyali su zauna, in wa'adi ya cika gini ya dawo hannun magada. Amma a rubuta a gaban lauya da shaidu, a sa ranar ƙarewa ƙarara. Na ga inda aka yi da baki kawai, mai ginin ya rasu, 'ya'yansa suka ce gidan nasu ne.

Ummu Khadija:
Alhaji, wannan ya fi sayarwa, amma a tuna da tsofaffi. Surukata ba ta iya hawa bene, gwiwa ta hana. Kuma wa zai hau da jarkar ruwa hawa biyu kullum? In za a yi, sai an haƙa rijiyar burtsatse an sa tanki tun farko, a bar wa tsofaffi ɗaki a ƙasa ta baya, ƙofar iyali kuma daban da ta shaguna. Janareta a kai shi can saman rufi ko a sa sola. A rubuta duk wannan a cikin takardar, don in ba a rubuta ba mai gini shago zai ƙara a wurin.

Ɗan Fagge D:
Wannan shawara ce mai amfani. Malam, Sawaba Dai, ko za mu iya zama da masu unguwanni da limaman layuka a kan maganar tagogi da magudanan ruwa? In takarda ta fito daga hannunsu zuwa hukumar tsara birni, ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Sawaba Dai:
Ni a shirye nake. Amma a sa mata a ciki, su ne suke wuni a gidajen. Ummu Khadija, ki tattaro mana sunayen layukan da ruwa ke shiga gida da damina, da inda aka toshe kwata.

Ummu Khadija:
Zan tambayi matan islamiyyarmu ranar Asabar, kowacce ta faɗi na layinsu. Hajiya, in ba damuwa ki zo, sun fi jin maganarki.

Hajiya 'Yar Dandali:
Zan zo in sha Allahu, bayan la'asar. Ki ce kowacce ta ɗauko hoton kwatar ƙofar gidanta a waya.